Radish Mai Ganye Ko Yankakke: Wanne Za A Sara?

Mai sarin radish, wato wani kayan lambu da ake cin saiwarsa kamar karas, zaɓi biyu gare shi: wanda aka ɗaure dami-dami da ganyensa, ko wanda aka yanke wa ganye aka zuba a leda mai ƙananan huji.

Mai ganye ya fi jan ido, kuma ganyen shaida ne: in kore ne shar, a miƙe, ba a daɗe da cirowa ba. Illarsa ita ce ganyen yana ta zuƙe ruwan saiwar har ta yi laushi ta yamutse. Ko a ɗakin sanyi mai digiri 0 a ma'aunin Celsius da laimar iska kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, kwana 7 zuwa 14 ne iyakarsa. A riƙa yayyafa masa ruwa, a kuma nisanta shi da tuffa da ayaba mai nuna, domin iskar da suke fitarwa tana sa ganyen rawaya da wuri.

Yankakke kuwa yakan kai mako 3 zuwa 4 a wannan sanyin, shi ne na doguwar tafiya. Sai dai babu ganyen da zai tona tsufansa, don haka a matsa shi da yatsa. In ya lotsa, cikinsa ya zama soso. Kada sanyi ya sauka ƙasa da sifili, zai daskare ya yi ruwa-ruwa.