Shiren the Wanderer na 2024: Fassarar Turanci da Daɗin Wasan

Wasan Shiren the Wanderer: The Mystery Dungeon of Serpentcoil Island, wanda kamfanin Spike Chunsoft na Japan ya fitar a kan na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch a 2024, yana cikin wasannin da ƙa'idarsu ba ta da sassauci: taswirar kowane kogo tana canzawa duk lokacin da aka shiga, idan kuma jarumin ya faɗi, sai ya koma matakin farko, kayan da ya tara duk sun salwanta.

A irin wannan wasa, fassara tana da nauyi ƙwarai. Ɗan wasa yakan tsinci ciyawa, ko tukunya, ko sandar tsafi, kuma layi biyu na bayani ne kaɗai za su gaya masa ko ya ci, ko ya jefi dodo da ita, ko ya adana. Fassarar Turancin ta yi kyau a nan, domin bayanan gajeru ne, kuma sunan kowane kaya bai canza ba daga kogo zuwa kogo. Barkwancin mutanen ƙauyen da ke cikin wasan ne ya ɗan yi sanyi a ganina.

Wasan farko na jerin wasannin Shiren ya fito a 1995 da Japananci zalla, sai a 2008 aka samu na Turanci a na'urar Nintendo DS. Saboda haka nake shawartar matasanmu na Agege da Idi-Araba masu zuwa kasuwar kayan kwamfuta ta Computer Village a Ikeja su sa mai shago ya kunna musu wasan su ga harshensa kafin su biya, musamman idan tsohon kaset ne da aka shigo da shi daga Japan.