Awon zuciya na awa 24 a Ikeja ga mai farfaɗiya, ya yi amma da sauran gyara

Jama'a masu ɗan uwa mai farfaɗiya a nan Legas, ga yadda na ga aikin wani wurin gwaje-gwaje na kuɗi a Ikeja inda ake saka na'urar Holter. 'Yar ƙarama ce ana rataya ta a ƙugu, wayoyinta a manne a ƙirji, tana ɗaukar bugun zuciya dare da rana awa 24 ko 48.

Ƙanina ne likita ya tura wurin, don in ciwon ya taso masa ƙirjinsa dukan uku-uku yake yi, wani lokacin kuma sai ya sulale kawai jiki ya saki. Likitan yace ƙwaƙwalwar da ciwon ke tasowa daga cikinta ita ke riƙe da linzamin zuciya, yawancin masu ciwon bugun ƙaruwa yake ya haura 100 a minti, amma akwai 'yan kaɗan da nasu raguwa yake har zuciyar ta tsaya na wasu sakanni, an fi ganin haka in daga gefen ƙwaƙwalwa saitin kunne abin ke farawa. Ga kuma magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, su ma sukan taɓa bugun.

Wurin tsaf, ba dogon layi. Wanda ya saka na'urar Bayarabe ne mai haƙuri, sai da ya aske gashin ƙirjin ya goge da sifirit kafin ya manna. Kuɗin dai ba wasa ba, ku tambaya ta waya kafin ku baro Agege ko Mile 12.

Abin da ya ɓata min rai, sun ce ba wanka sai an cire (alwala ba matsala), to a zafin garin nan cikin danfo ga gosulo, gumi ya ɗaye filasta ɗaya tun kafin mu isa gida kuma ba su ba mu ko ɗaya na canji ba, sai kemis muka tsaya. Takardar da ake rubuta ƙarfe nawa ciwon ya tashi ma miƙo mana ita kawai aka yi ba bayani, alhali da ita likita zai duba me zuciyar ta yi a daidai wannan mintin.

Babbar maganar ita ce ba wanda ya gaya mana cewa in ciwon bai tashi ba a cikin awa 24 ɗin, sakamakon zai iya fitowa ƙal alhali matsalar tana nan. Namu haka ya fito, murna har da kiran Hajiya a Kano, sai likitan ya ce a'a, a sake na tsawon lokaci, in da hali a haɗa da EEG (awon lantarkin ƙwaƙwalwa) lokaci guda.

Zan iya komawa, amma na awa 48 zan nema da ƙarin filasta. Sakamakon kuma ku kai wa likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH Idi-Araba da LASUTH, kar wanda ya rage magani don takarda ta ce lafiya lau.