Umra da Dubai: a tafi da layin waya ko a bar wa yaro a Marwa?

Hajiya, barka da shiri, Allah ya sa a je a sa'a. Kin ce za ki bi ta Kusiri ki hau jirgi a Njamena, ki yi Umra, daga nan ki zarce Dubai sayen kaya, kusan wata guda ba kya gida. Katin bankinki, da Orange Money, da WhatsApp, da shafin Facebook da kike tallan atamfa da turare, duk a kan layi ɗaya suke, kuma kowanne kan turo kod ta saƙon waya kafin ya buɗe. Wasu sun ce ki tafi da layin, wasu sun ce ki bar wa babban ɗanki ya riƙa karanto miki. Kina so ki san wanne ya fi.

Ni dai shawarata, ki tafi da layinki a cikin wayarki. Amma bari in jera miki su biyun ki gani da idonki, don kowanne yana da inda yake ciwo.

Kafin nan, ya kamata a san lokacin da ake buƙatar kod ɗin, don mutane da yawa suna tsorata fiye da kima. In kin miƙa katinki a shago a Deira, unguwar kasuwanni a Dubai, aka saka shi a na'ura, ko kin ciri kuɗi a injin banki a Makka, lambar sirrin katin kawai za ki danna, babu saƙon da za ki jira. Kod na zuwa ne in za a biya ta intanet: canza ranar tikitin jirgi, biyan kuɗin ƙarin kaya, kama ɗakin otal, ko sayen tikitin jirgin ƙasan Haramain daga Makka zuwa Madina ta waya. Sai kuma in kin shiga Facebook ko Gmail daga sabuwar ƙasa suka ga baƙon wuri suka ce ki tabbatar ke ce. Ba kullum ba ne, amma ranar da ya taso yakan zo da gaggawa, kuma mintoci kaɗan kod yake yi ya mutu.

To, mu fara da tafiya da layin. In kin sauka Jidda, layinki na Kamaru zai nemi ɗaya daga cikin kamfanonin can, STC ko Mobily ko Zain, ya raɓa a jikinsa. Shi ne romin. Banki bai ma san kin yi tafiya ba, lambarki mai farawa da 237 yake tura wa, kamfaninki na gida ya duba inda kike, ya miƙa wa kamfanin Saudiyya, shi kuma ya sauke miki. Kamar saƙon da aka ba direba a tashar Marwa ya miƙa wa wani direban a Kusiri ne: in akwai sanayya tsakanin su biyun, saƙo ya isa, in babu, nan zai kwana. Shi ya sa abu na farko shi ne ki je ajans ɗin kamfaninki da katin ɗan ƙasa, ki ce su duba miki romin a buɗe yake a kan wannan lambar, kuma suna da yarjejeniya da Saudiyya da Daular Larabawa. Ƙasa biyun duka za ki ambata, kada ki ce "waje" kawai.

Kuɗi fa? Nan ne ake yawan ruɗewa. A wajen mafi yawan kamfanoni, karɓar saƙo a ƙasar waje kyauta ne. Abin da ke cinye kiredi uku ne: data, da kiran da kika yi, da kiran da kika ɗauka. Eh, har wanda aka kira ki kika amsa ana cirewa. Don haka ki shiga saitin waya ki kashe datar romin a kan layin gida (in wayar da Faransanci take, ki nemi inda aka rubuta itinérance), ki kuma daure ki ƙi ɗaukar kira a kansa, ko da kin ga lambar ƙanwarki ce. Ki mayar mata ta intanet. Layin ya zauna a kunne, aikinsa karɓar saƙo kawai. Ki bar ɗan kiredi a ciki, kamar sefa dubu biyu ko uku, don kada a same shi fanko ranar da dole ta kama.

Intanet kuma sai ki sayi layin can a filin jirgi, da fasfo, a Saudiyya har da ɗaukar zanen yatsa. Kusan duk Tecno da Itel da Infinix da ke hannun mutanenmu ramin sim biyu gare su, ɗaya na gida ɗaya na baƙunta, shi ke nan. Wanda wayarsa ke ɗaukar eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba, zai iya sayen data tun kafin ya tashi, sai dai a sani yawancin irin waɗannan na matafiya data ce zalla, babu lamba, babu saƙon da zai shigo ta kansu. Suna taimaka wa layin gida ne, ba sa maye gurbinsa. Mai iPhone da aka shigo da ita daga Amurka ma ya duba da kyau, don tun daga iPhone 14 a 2022 na kasuwar Amurka ba su da ramin sim gaba ɗaya.

Akwai dabarar da wasu ke yi, su zuba layin gida a ƙaramar waya mai madannai saboda batirinta na daɗewa. Dabara ce mai kyau a nan gida da Chadi da Najeriya, amma yawancin waɗannan ƙananan 2G kaɗai suke kamawa, ƙasashe kuma suna ta rufe shi, Daular Larabawa na cikin waɗanda suka sanar da hakan. Kada ki isa Dubai ki tarar wayar ba rezo ko sanda ɗaya. Ki sa layin a babbar wayar.

Yanzu barin layi a gida. Kyawunsa a fili yake: babu maganar romin, saƙo na shigowa kamar kullum, kuma ko wayarki ta ɓata a tafiya layin na nan lafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, zan dawo kansa.

Matsalarsa ta farko lokaci. Makka ta riga Marwa da awa biyu, Dubai da awa uku. Kin idar da Asuba a Madina ƙarfe biyar da rabi, kin zauna za ki gyara tikiti kafin a fita ziyara, a Marwa ƙarfe uku da rabi ne na dare, yaro na barci. Ko da rana ce, sai ya kasance wayar na da caji, ba a ɗauke wuta tun jiya ba, yana da data, yana kusa da ita ba ya kan babur a hanyar kasuwa, sannan ya karanta lamba shida daidai ya turo kafin ta mutu. A Dubai ma ba za ki iya kiransa ta WhatsApp ki tashe shi ba, don kiran murya da na bidiyo na WhatsApp a toshe suke a can, sai rubutu da saƙon murya, sai ko manhaja irin Botim wadda shi ma dole ya kasance ya sauke ta. Kod ya mutu, kin nemi wani, shi ma ya mutu, a na uku ko na huɗu wasu bankunan sai su dakatar da biyan don kare ki, kina tsaye a ƙasar mutane.

Ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ta sa na ƙi wannan hanyar. Ba ina zargin ɗanki ba ne, Hajiya, Allah ya yi masa albarka. Amma duk wanda layin ke hannunsa, duk wani kod naki ta hannunsa yake bi, shi kuma 'yan damfara za su fi samun sauƙinsa fiye da ke. Sun san lokacin Umra, suna ganin hotunan da ake sakawa. Sai baƙuwar lamba mai 966 ta rubuto masa: "Mama ce, wayata ta faɗi a Harami, wannan ta abokiyar tafiyata ce, yi sauri turo min lambar da ta shigo yanzu." Wane ɗa ne zai tsaya bincike a irin wannan hali? Ya tura, WhatsApp ɗinki ya koma hannun wani, kafin Azahar an rubuta wa kwastomominki da 'yan uwa cewa kin maƙale a Saudiyya a taimaka da kuɗi. Ke kanki in saƙon ya shigo wayarki, kin san ko kin nema ko ba ki nema ba. Shi ba shi da hanyar sani. Manhajojin nan da ake sakawa su riƙa tura saƙonni kai tsaye zuwa wata waya sun magance barcin yaro, amma kin ba wata manhaja da ba ki san mai ita ba izinin karanta duk saƙon bankinki. Ban yarda da su ba. Shafukan intanet masu ba da lambar karɓar kod kyauta kuwa kowa na ganin abin da ya shigo, kada ma a fara.

Akwai hali guda da nake cewa a bar layi: in shi ne na shago, wanda masu saye ke turo kuɗin kaya a kansa kullum, yaran shago na duba saƙon shigar kuɗi kafin su miƙa kaya. Wannan ba ya tafiya ko'ina. In naki haka yake, sai a raba tun yanzu. Dokar rajistar layi ta 2015 ta ba mutum damar riƙe har layi uku a kamfani ɗaya, don haka ki yanki wani da sunanki, ki je banki da kanki a mayar da kod ɗin kati kansa, na shago ya zauna a shago. Amma a yi shi da sauran makonni, a gwada biya ɗaya ta intanet a gani, ba ana gobe tafiya ba.

Mu koma kan raunin tafiya da layi, wato ɓatan waya. Cunkoson ɗawafi da na kasuwar Naif ta Dubai ba wasa ba ne, kuma in layi ya ɓata a can ba a sabunta shi sai kin dawo kin je ajans da katinki, wannan ma in da sunanki aka yi rajista. Wadda layinta ke da sunan miji ko ƙane ta gyara kafin tafiya, haka wadda katin da ta yi rajista da shi ya ƙare. Ki sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ta yadda ko ɓarawo ya zare shi ya sa a wata waya ba zai buɗe ba. A kula, kuskure uku yana kulle shi sai da lambar buɗewa ta PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, don haka ki kwafe ta a takarda. Ki kuma hana saƙo bayyana a fuskar waya in tana kulle.

Sannan ki rage abubuwan da suka rataya a kan saƙon waya, a nan ne hanya ta uku ta shigo, wadda ta fi biyun can amma ba ko'ina take aiki ba. Facebook da Gmail da Instagram duk sun yarda a haɗa su da Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Manhajar da kanta take fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar layi ko intanet, ko a cikin jirgi tana aiki, muddin agogon wayar daidai yake. Google da Facebook kuma kowanne yana ba da lambobin ajiya guda 10, kowacce a yi amfani da ita sau ɗaya. Ki rubuta su a takarda ki sa a jakar fasfo, ba a hoton cikin wayar da ake tsoron ɓatanta ba. Banki da kuɗin waya kuwa su ke zaɓar hanyarsu, ba ke ba. Ki tambayi bankinki ko suna iya turo kod ta imel ko ta manhajarsu, ki kuma shaida musu ranakun tafiyar da ƙasashen. Manhajar Max it ta Orange ko ta MoMo ta MTN a sauke su a shiga tun a gida, don lambobin da ake dannawa a shiga kuɗin waya, #150# da *126#, ba a kowane rezon waje suke amsawa ba.

WhatsApp ya fi kowanne sauƙi in an bar shi ya huta. Ko kin sa layin Saudiyya, yana nan a kan lambarki ta Kamaru, ba ya neman kod. In ya tambaya ko za ki canza lamba, ki ce a'a. Tarkon da ke kama 'yan kasuwarmu a Dubai yake: an ga sabuwar waya da araha, mai shago ya ce kawo in juye miki komai yanzu, ya buɗe WhatsApp a sabuwar, sai ga shi yana neman kod daga lambar 237. In saƙon bai shigo ba an shiga jira, kowane sake gwadawa na ƙara tsawon jiran, ga lambobin dillalai da hotunan kaya duk a ciki. Sabuwar waya ta zauna a kwalinta har Marwa. Kafin ki tashi ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp, ki sa lamba shida da imel, ita ce ke tare ɓarawo ko ya samu kod.

Hanyarki ma ta ba ki wurin gwaji kyauta. Da kin haye gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Njamena, ki jira wayar ta saki rezon Kamaru ta kama Airtel ko Moov na Chadi. Nan take ki ce wa ɗanki ya turo miki saƙon waya na gargajiya, ba na WhatsApp ba. In ya shigo, romin a buɗe yake. Wannan bai tabbatar da Saudiyya ba, don kowace ƙasa da yarjejeniyarta, amma in bai shigo ba kin gane da wuri, Kusiri na bayanki, ana iya komawa ajans a gyara kafin jirgi. In kin sauka Jidda ki maimaita gwajin tun kina jiran kaya. Idan shiru, ki kashe wayar ki kunna. In har yanzu shiru, ki shiga zaɓin rezo ki cire shi daga na kai tsaye, ki gwada STC, ki gwada Mobily, ki gwada Zain ɗaya bayan ɗaya, a Dubai kuma Etisalat da du. Sau da yawa ɗaya ya ƙi, ɗaya ya karɓa. Sai saƙon gwaji ya shigo sannan ki nemi kod na banki.

Allah ya karɓi ibada, ya dawo da ke lafiya, a sa mu a addu'a a Rauda.