Wane Littafi Ya Kamata a Saya Kan Rayuwar Yahudawa a Geto da Maɓoya?

Duk wanda ya yi niyyar sayen littafi guda domin ya san yadda Yahudawan Turai suka rayu ƙarƙashin mamayar 'yan Nazi tsakanin 1939 da 1945, ko a cikin unguwannin da aka killace su da katanga da waya mai ƙaya, waɗanda ake kira geto, ko kuma a ɓoye cikin ɗakunan sama da ramukan ƙasa, zai tarar littattafan sun yi yawa, kuɗinsu kuma ba ƙarami ba ne ga mai saye da naira ko sefa. Galibinsu da Turanci ko Faransanci ake samunsu, an fassaro su daga harsunan Polan da Holan da kuma Yidish, harshen Yahudawan Turai. Abin da nake fara dubawa shi ne lokacin da aka yi rubutun, domin wanda ya ɗauki alƙalami a ranar da abu ke faruwa, bai san ko zai kai gobe ba, ba ɗaya yake da wanda ya tsira ya zauna bayan shekara arba'in yana tuno baya ba.

A bisa wannan ma'auni, idan kuɗin mutum na littafi ɗaya ne, shawarata ya sayi The Diary of Dawid Sierakowiak. Dawid yaro ne ɗan birnin Lodz a Polan, an haife shi a 1924, ya kuma fara rubutunsa a ƙarshen watan Yuni na 1939, yana sansanin hutu na matasa, wata biyu kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Saboda haka mai karatu yana haɗuwa da shi tun yana ɗalibi mai ƙwazo da son gardamar siyasa, sannan ya bi shi kwana bayan kwana har zuwa inda babu abin da ya rage a shafukan sai lissafin burodi da miya. An rufe geton Lodz a bazarar 1940 da mutane kimanin 160,000 a ciki, kuma ya fi na sauran birane tsananin tsaro, har kuɗi na daban aka buga masa waɗanda ba sa aiki a waje, abin da ya sa fasa-ƙwaurin abinci ya yi matuƙar wuya. Shugaban da Jamusawa suka naɗa, Chaim Rumkowski, ya mayar da unguwar masana'antar ɗinki da sauran sana'o'i, yana ganin aiki zai hana a kashe su.

Dawid bai yi wa kowa ado ba. Ya rubuta yadda yake koyar da yara darasi domin ya sami abin sayen abinci, yadda yake ci gaba da koyon harsuna cikin yunwa, da yadda 'ya'yan masu muƙami ke ƙoshi alhali maƙwabtansu na kumbura. Ya rubuta har abin da ɗa ba ya son faɗa game da mahaifinsa, wato yadda yunwa ta kai uban ga cin rabon matarsa da 'ya'yansa. A watan Satumba na 1942, lokacin da Rumkowski ya tsaya gaban jama'a ya nemi su miƙa ƙananan yaransu da tsofaffi, aka kwashe fiye da mutum 15,000 zuwa sansanin kisa na Chelmno, mahaifiyar Dawid tana cikin waɗanda aka tafi da su, kuma shafukan da ya rubuta a waɗannan kwanaki ban san wani rubutu da ya kai su nauyi ba. Rubutun ya tsaya a watan Afrilu na 1943, shi kuwa ya rasu a watan Agusta na wannan shekara yana da shekara 19, takardar mutuwarsa ta ce tarin fuka.

Littattafan rubutunsa biyar ne suka tsira, kuma shekarar 1940 gaba ɗaya babu ita a ciki. Bugun da za a nema shi ne na 1996, wanda Alan Adelson ya shirya, Kamil Turowski ya fassara, daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford. Ya nuna inda giɓin yake bai cike shi da ƙirƙira ba, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa na amince da shi.

Littafin Anne Frank, wata yarinya Bayahudiya, shi ne ya fi sauƙin samu, kuma ya cancanci sunan da ya yi, sai dai a sani labarin ɓuya ne, ba na geto ba: mutum takwas a ɗakunan bayan wani ginin kasuwanci a Amsterdam, daga Yuli 1942 zuwa 4 ga Agusta 1944. A nan bugu ne abin lura. Wanda mahaifinta Otto ya fitar a 1947, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1952, an rage masa wasu sassa. A nemi wanda Mirjam Pressler ta shirya, fassarar Susan Massotty ta 1995.

Rubutun Adam Czerniakow, shugaban majalisar Yahudawa a geton Warsaw wanda ya kashe kansa ranar 23 ga Yuli 1942, kwana ɗaya bayan an fara kwasar mutane zuwa sansanin kisa na Treblinka, gajerun bayanai ne na ofis, ya fi dacewa da mai bincike. The Pianist na Wladyslaw Szpilman ya haɗa geto da ɓuya, amma bayan an gama yaƙi aka rubuta shi. Mai neman littafi na biyu ya ɗauki Who Will Write Our History na Samuel Kassow, kan tarin takardun da masanin tarihi Emanuel Ringelblum da abokansa suka binne a geton Warsaw a akwatunan ƙarfe da tulunan madara, aka tono su a 1946 da 1950. The Boy in the Striped Pyjamas kuwa ƙagaggen labari ne, bai kamata a saye shi da sunan tarihi ba.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne littattafan da suka zo da sunan shaidar gaskiya alhali ƙarya ne, kuma har da manyan maɗaba'u a cikin waɗanda suka fitar da su. A 1995 aka buga Fragments na wani mai kiran kansa Binjamin Wilkomirski, wanda ya ce shi yaro ne daga birnin Riga na ƙasar Latvia da ya rayu a sansanonin Nazi. Littafin ya ci kyaututtuka, har sai da ɗan jarida Daniel Ganzfried ya bankaɗo a 1998 cewa an haifi mutumin a Siwizalan a 1941, can kuma ya yi yarintarsa. Wata mai suna Misha Defonseca ta ce a nata littafin ta ratsa Turai da ƙafa tana ƙaramar yarinya, ta shiga geton Warsaw ta fita, kyarketai suka raine ta a daji. An fassara littafin zuwa harsuna da dama, an yi fim ɗinsa da Faransanci, sannan a 2008 ta amsa cewa ƙirƙira ce, ita ma ba Bayahudiya ba ce. Masu karatu da Faransanci su kula, domin sunansa a can Survivre avec les loups. Shi kuwa Herman Rosenblat da gaske ya tsira daga sansani, amma labarin yarinyar da ke jefo masa tuffa ta saman waya shi ya ƙaga, aka fasa buga littafin a Disamba 2008. Tsofaffin kwafi na biyun farko har yanzu suna yawo a kasuwar littattafan hannu, kuma babu abin da ke jikin bangonsu da zai gaya wa mai saye an ƙaryata su.

Ɓarnar irin waɗannan littattafai ta wuce asarar kuɗi, domin masu musun kisan kiyashin da su suke kafa hujja su ce duk sauran ma haka suke. Su ne kuma ke yaɗa cewa da biro aka rubuta littafin Anne Frank, alhali biro bai yaɗu ba sai bayan yaƙi. Ɗakin binciken kimiyya na gwamnatin Holan ya gwada takarda da tawada da rubutun hannu, aka buga sakamakon a 1986, ya tabbatar nata ne kuma na lokacin ne. Rubutun biron yana kan wasu 'yan takardu ne da aka saka a ciki daga baya. Duk bugun da gabatarwarsa ke jefa shakku kan wannan, a ajiye shi.

Sai kuma bugun sata, wanda shi ne ya taɓa ƙona ni. Wani mai shimfiɗa littattafai a bakin titi ya sayar mini da kwafin Anne Frank mai kyan bango, sai da na yi nisa na tarar an maimaita wasu shafuka, wasu kuma babu su sam, daidai watannin ƙarshe kafin a kama su. A littafin da aka jera bisa kwanan wata, wannan cuta ce mai wuyar ganewa, tunda mai karatu zai ɗauka marubuciyar ce ba ta yi rubutu ba a ranakun. Saboda haka kafin a biya, a bi lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, a duba ko hotunan sun fito ko sun zama baƙin tabo, a kuma tabbatar akwai sunan mai fassara da na wanda ya shirya littafin da bayanin inda ainihin rubutun hannun yake ajiye. Littafin da ya ce shaida ne amma bai faɗi inda takardunsa suke ba, ban ga dalilin ba shi kuɗi ba.

A intanet ma akwai 'yan ƙananan littattafai masu ɗauke da suna kusan iri ɗaya da na asali, waɗanda taƙaitawa ce kawai ta shafi talatin ko arba'in, haka kuma kwafin da ake turawa ta WhatsApp sau da yawa an yanke masa gabatarwa da bayanan ƙasan shafi. Kada a yi cinikin biri a sama: a sa mai sayarwa ya turo hoton shafin da ke ɗauke da shekarar bugu da sunan maɗaba'a, da hoton wani shafi daga tsakiya, da adadin shafukan, kafin a tura masa ko kwabo.