Ƙwalamar mai keto a Makka: me za ka saya, nawa za ka ci?

A satin da na fara keto, tsarin cin abincin nan na rage sitaci da sukari a yawaita maiƙo, na shiga wata mahmasa, wato shagon soyayyun 'ya'yan itace irin su gyaɗa, a wajen Shara Mansur, na ce a auna mini rubu'in kilo na mushakkal, gaurayen nan na lauz (almond) da fustuƙ (pistachio) da yazawa. A raina na ce ai ba shinkafa ba ce, ba kuma burodin tamis ba. Kafin a kira isha'i na ga gindin ledar. Da na ba yayata labari, wadda ta riga ni shiga harkar, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ƙanina, rubu'i guda? Ai abincin wuni ka cinye kana ce masa ƙwalama." Ta fi ni gaskiya. Giram 100 na irin waɗannan yana kai kalori 600, ka ga rubu'i ya tasam ma 1,500.

Lissafi biyu ne a kan mai keto, kuma yawancinmu ɗaya muke riƙewa. Na farko shi ne sitaci da sukari, waɗanda ake so su tsaya tsakanin giram 20 da 50 a wuni. Na biyun shi ne maiƙo: giram ɗaya nasa kalori 9 ne, alhali na sitaci ko na furotin 4 ne kacal. Don haka ƙwalamar keto ba ta cika hannu, amma tana da nauyi. Tsarin ma asalinsa ba don rage ƙiba aka fito da shi ba, Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ne ya raɗa masa suna a 1921, a matsayin maganin farfaɗiya.

Ma'aunin da aka saba da shi giram 28 ne, a kansa zan kwatanta. Lauz kusan ƙwara 23 ke nan, kalori 164, sitacin da ya rage bayan an cire fayiba bai wuce giram 3 ba. Ain jamal (walnut), mai kama da ƙwaƙwalwa, ɓari 14 ne, kalori 185, sitaci wajen giram 2. Makadamiya ita ce sarauniya a wajen masu keto, ƙwara 10 zuwa 12 suna ɗauke da maiƙo giram 21 da kalori sama da 200, sitacin kuwa bai kai giram 2 ba. Sai dai tsadarta, sannan ƙwara goma kafin ka ce kwabo sun ƙare, baki bai ma san an yi ba. Ni ban ga dalilin sayenta kullum ba.

Fustuƙ yana da dabara. Sitacinsa ya ɗan ɗaga, wajen giram 5, amma ƙwara 49 ne a ma'auni ɗaya. In ka sayi mai ɓawo, ɓarewar tana rage maka gudu, tarin ɓawon da ke gabanka kuma yana ba ka kunya. Yazawa ce matsalar: ƙwara 18 kawai, sitaci wajen giram 8. Ka yi sau biyu, ka kusa cinye kason wuni in kana kan giram 20. Shi ya sa na daina sayen mushakkal baki ɗaya. Hannu yazawa yake bi, ga kuma gyaɗar nan mai rigar fulawa da ake cusawa a ciki.

Ita gyaɗarmu ta gida kada a raina ta. Soyayya marar riga tana da maiƙo giram 14 a ma'auni ɗaya, sitaci kimanin giram 4, kuma ta fi duk sauran arha. Laifinta ɗaya, ba a ƙirga ta, ɗiba ake yi.

Abin da ya fi sauƙin sarrafawa shi ne wanda ya zo da iyakarsa. Dafaffen ƙwai ɗaya kalori 70 da ɗoriya ne, sitacinsa bai kai giram ɗaya ba, biyu sun isa tsakanin azahar da magariba. Cukun da aka naɗe ɗaiɗai, irin su Kiri, ya fi na kwalba, don cokali ba ya tsayawa a ɗaya. Zaitun goma ya yi, illa gishirinsa, mai hawan jini ya kula. Rabin fiya da ɗan lemon tsami ya fi su duka riƙe ciki. Tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, cokali ɗaya kalori kusan 90 ce, ba laifi, amma halawa tahiniya sukari ya yi mata yawa.

Dabino ne inda zuciya ke rauni, musamman a garin da ba a miƙa maka gahawa sai da shi. Majdul babba guda ɗaya yana da sitaci da sukari giram 18. Ajwa ta fi shi ƙanƙanta, amma ita ma sukarin ne. Ni dai a gidan mutane nakan karɓi ɗaya don kada a ce na yi girman kai, in cire shi daga lissafin dare.

Tsiren da mutanen Hijaz ke kira siriya, wanda iyayenmu suka kawo ƙasar nan, nama ne da garin ƙuli, tsinke biyu ko uku ba matsala in ba ka haɗa da burodi ba. Kilishin tsarabar alhazai sai ka ɗanɗana tukuna, wasu suna sa sukari a labu. Aya kuwa, duk da man da ke cikinta, sitaci ya yi mata yawa.

A manyan kantunan Danube da Panda za ka ga kanta guda na cakulan da biskit masu tambarin keto. Juya bayan kwalin. Duba ko lissafin na giram 100 ne ko na hissa ɗaya, wato kason ci ɗaya, sannan hissa nawa ce a ciki, don wani ɗan ƙaramin kwali biyu yake ɗauka. In ka ga maltitol, wani abin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, a jerin kayan haɗi, ka sani yana ɗaga sukarin jini, yawansa kuma yana ɓata ciki. Mai ciwon sukari da ke kan insulin, da mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, su ga likita kafin su fara keto ɗin ma.

Kafin duk wannan sayayya, nemi ƙaramin sikelin kicin mai batir. Yayata ce ta ba ni aron nata. Na auna giram 28 na lauz na juye a finjalin gahawa, sai ya tsaya daidai bakinsa. Finjali ya bambanta da finjali, ka auna naka. Yanzu ranar Juma'a bayan la'asar nake ƙulla bakwai a ƙananan ledoji, babbar ledar kuma in miƙa wa maiɗakina ta ɓoye inda ban sani ba.