Shagon tura waƙa na kusa da tashar Bauchi Road

Ni tela ce a Anguwan Rogo da ke Jos, kuma ɗinki ba ya yi mini sauri sai da waƙa a kunne. Watan jiya na kai memori mai giga 8 wani ɗan shagon tura waƙoƙi kusa da tashar Bauchi Road. Kwamfuta ɗaya ce, sai benci, sai ƙaramin janareta a bakin ƙofa.

Yaron shagon akwai ladabi. "Anti, na biki ko na soyayya?" Na ce na soyayya. Cikin minti 20 ya gama, ya karɓi naira 1,000. Sauti garau, babu waƙar da ta yanke a tsakiya, babu muryar mai talla a kai. Nan kam ya ci kuɗinsa.

Foldar da ya fi cikawa ya sa mata suna "Son maso wani", waƙa 63. Kiɗan fiyano ne irin na nanaye, murya an tace ta da na'ura. Ba zan ɓoye ba, da sanyin safiyar Jos akwai wadda ta sa ni hawaye a kan keke. Mawaƙan sun iya. Amma a kwana na uku kunnena ya fara tsinto abu guda: a waƙoƙin kullum namijin ne ke rantsuwa, ba ci ba barci, in ta ƙi shi sai kabari, ko an ɗaura mata aure zai jira. Ita kuwa in ta ce a'a, kafin baiti na ƙarshe an shawo kanta.

Ina da yarinya 'yar shekara 17 mai koyon ɗinki. Wani saurayi na tsayuwa jikin falwaya gaban shagona tun la'asar, sau uku tana gaya masa ba ta so. Irin waɗannan waƙoƙin yake tura mata a WhatsApp. Ranar da ɗaya ta tashi a sifika, ajiye almakashi ta yi ta fita, idonta jajir. Abin ya tsaya mini a rai.

Na koma na ce, "Ƙanina, ba ka da waɗanda ake so kuma ana son mutum?" Ya ce ai waccan foldar aka fi nema. Duk da haka ya zauna ya tsinto mini guda 19, yana sa mini farkon kowacce ina ji, bai karɓi ko sisi ba.

Zan ci gaba da zuwa wurinsa. Mai zuwa ya je da hantsi, don bayan la'asar masu Keke Napep sun cika bencin.