Ta gwamnati ko ta kuɗi? Amsa ga Maman 'yan biyu

Maman 'yan biyu, kin ce an sake ƙara muku kuɗin makaranta wannan zangon, kina shawarar ko ki mayar da yaran ta gwamnati. Ni na koyar a firamaren kuɗi kafin in yi aure, kuma yanzu nawa biyu suna ta kuɗi babbansu yana ta gwamnati, to bari in ɗan sa baki.

Ta gwamnati a takarda kyauta ce, dokar UBE ta 2004, wato ta ilimin matakin farko na bai-ɗaya, ta ce daga aji 1 na firamare har JSS 3 ba biya. Amma dai kin san kyautar, za ki ɗinka yunifom, ki sayi littafin rubutu, ga kuɗin PTA, wani zubin a ce kowa ya zo da tsintsiya. Duk ki haɗa bai kai kuɗin motar makarantar kuɗi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yawa. Ranar da na leƙa ajin yarona, yara ne zaune a ƙasa har bakin ƙofa, malama ɗaya muryarta duk ta dishe, yaushe za ta duba littafin kowa fisabilillahi? Kuma ba wai malaman ba su iya ba ne, da yawansu masu NCE ne, wato takardar shaidar malanta.

Ta kuɗi kuwa suna ne kawai ya tara su. Akwai na ƙwarai, akwai gidan haya mai ɗaki huɗu da aka shafa wa fenti aka kafa allo, to a nan kuɗin mutane ke tafiya a banza. Littafi sai a wajensu za ki saya, kayan wasanni daban, kayan Juma'a daban, kuɗin lesin, kuɗin fati har da ɗan nazire, ga shi tun cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi. Malama kuma ko mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 ba ta gani, shi ya sa kowane zango sabuwar fuska. Mu ma a lokacinmu cewa ake yi kar a kayar da yaro uwarsa ta cire shi, sai ki ga sakamako fes amma ilimin na haddar aku ne.

Ni dai in ni ce ke, tunda aji 2 suke zan daure har karatu ya zauna musu, don shi ne abin da cunkoso ke kashewa. Sakandare kuwa ba na jin tsoron ta gwamnati, ga makarantar Sayins ta Dawakin Tofa da ta Dawakin Kudu da jarrabawa ake shigarsu, kuma a nan Kano wanda ya ci kwalifayin, wato jarrabawar share fage, gwamnati kan biya masa NECO.

Yau da daddare ki miƙa musu kwalin magani ko na shayi, abin da ba su haddace ba, ki ce su karanta miki. In suka tsaya kallon ki gobe ki je ki samu hedimasta.